Taron Dangi a Ɗakin Jarrabawa

Kontagora,
12 ga Oktoba, 1975

Zuwa ga taubashiyata kuma baiwata Salome,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Shadrach da yara. Yaya sanyin Jos, yaya 'yan matan makarantarku da kike gasa wa aya a hannu da lissafi? Mu nan lafiya lau, dawa ta kusa nuna. Na hau babur na leƙa gida Ibeto ranar kasuwa. Kawunki, Baba Na'Allah, yana nan garau. Inna Fure ta ƙara ramewa, amma ta ce lafiyarta ƙalau, kamar yadda take faɗa kullum. Ƙanen Baba kuwa, Baba Irmiya, yana nan da bakinsa. Ya kusa sa a fasa gayyar girbi don wai ranar da aka sa ba ta yi masa ba, alhali shi ya zaɓe ta.

Na san kin riga kin ce ruwa ba ya tsami banza. Gaskiyarki. Yau ɗan namiji ne ya zo roƙo ƙofar 'yar mace, sai ki yi dariyarki ki gama, sannan ki saurare ni.

Gwamnatin jiha ta zaɓe ni in tafi Amurka karatun digiri na biyu a kan kasuwancin amfanin gona. Amma makarantar can ta ce sai na ci wata jarrabawa da za a yi a Ikko ƙarshen Janairu. Dama ɗaya ce. In na faɗi, wanda ke bayana za a ba. Baba ya yarda in tafi bayan na sha zarya, kuma kin san ni, ko ƙofar Amurka a buɗe take ba zan taka ta ba sai da yawunsa.

Wani abokin aikina a ofishin gona ya ara mini littafin gwaji. Turancin bai dame ni ba. Tambayoyin cika da mara ma ba na faɗuwa, don tun muna wasan cika ko mara da gujiya a bayan rumbu nake cinye ki. Inda gizo ke saƙar shi ne tambayoyin wanne ya fi wanne. Ga ɗaya: wai x sau x ya fi x girma? Na ce mana, uku sau uku tara ne, biyar sau biyar ashirin da biyar. Na duba bayan littafi, wai na faɗi. Akwai kuma wasu da ba amsar suke nema ba, sai su ba ka bayani biyu, su ce ka faɗi ko bayanin ya isa a amsa tambayar. Wace irin jarrabawa ce za a tara mutane a tambaye su ko an yi musu tambaya daidai?

Ki taimaki ubangidanki kafin ya ji kunya.

Ni ne naki,
Luka

Jos,
2 ga Nuwamba, 1975

Ranka ya daɗe ubangidana Luka,

Na gaishe ka gaisuwar baiwa, ina durƙushe amma ina dariya. Muna lafiya, sai ƙaramin da haƙori ya sa shi zazzaɓi, ya kuma warware. Na yi murna ƙwarai da labarin Amurka, har na kasa cin abinci a ranar. Amma maganar gujiya ƙarya kake yi, ɓoye ɗaya kake yi a hammata.

Na gano ciwonka tun daga layin farko. Kai duk lamba a wurinka buhun dawa ce ko saniya, dole ta zama cikakkiya mai ƙafa huɗu. Su kuwa masu jarrabawar nan da suka ce x, ba su yi maka alkawarin cikakkiyar lamba ba. In x rabi ne fa? Rabi sau rabi shi ne rabin rabi, wato rubu'i, ka ga ya ragu ke nan. In x ɗaya ne, ɗaya sau ɗaya yana nan ɗaya. To ina "mana" ɗinka ta tafi?

Sannan akwai lambobin da ke ƙasa da sifiri. Ka ɗauka bakin rijiya shi ne sifiri. Wanda ya sauka gaba goma cikin rijiya yana ƙasa da wanda ya sauka gaba shida, ko da yake goma ta fi shida a kan tudu. Shi ya sa biyar ta fi uku, amma in ka yi kowacce sau biyun da ke ƙasa da sifiri, sai biyar ta koma goma a cikin rijiya, uku ta koma shida, babba ya dawo ƙarami. Alamar nan mai buɗe baki wajen babba sai ta juya.

Ciwonka na biyu ya fi wuyar magani. Tun kana yaro ban taɓa jin ka ce ban sani ba. Yanzu kuma ka zama malamin gona, kowa ya tare ka a tasha da tambaya, kai kuma kana ganin abin kunya ne ka tafi ba ka ba da amsa ba. A wannan jarrabawa, cewa bayanin bai isa ba amsa ce cikakkiya, kuma sau da yawa ita ce daidai. Ba raini ba ne ga wanda ya yi tambayar.

Ga tambayoyi nan na rubuto maka a takarda ta biyu. Ka yi su da agogo a gabanka, ka dawo mini da su, kada ka goge inda ka yi kuskure.

Baiwarka da ta fi ka lissafi,
Salome

Kontagora,
25 ga Nuwamba, 1975

Salome,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ƙara wa ƙaramin lafiya. Ni ma lafiya, sai gajiyar zagayen ƙauyuka, don an fara girbi gadan-gadan daga nan har Rijau.

Ga aikinki nan, ki duba ki ji kunya a madadina. Na faɗi fiye da rabi. In ina zaune a natse ina gane rijiyarki sarai. Amma da na ajiye agogo a gabana sai komai ya gudu, in koma kan uku da biyar ɗina kamar jakin da ya san hanyar gida. Sai na gama in tuna ban gwada rabi ba, ban leƙa rijiya ba. Malam Attahiru mai gidan da nake haya ya ji ina magana ni kaɗai a ɗaki, har ya tambaya ko in kawo ruwa ya yi mini tofi.

Gaskiya na fara karaya. In kin ga ba zan iya ba, ki faɗa mini ƙiri-ƙiri, kada ki bar ni in sha hanyar Ikko a banza.

Zan ɗauki hutu daga tsakiyar Disamba in tafi Ibeto in taya su kai dawa rumbu, in yi Kirsimeti a can. Ki aika amsarki Ibeto. Daga gidan waya na nan direban motar kasuwa yake kai musu.

Luka

Jos,
14 ga Disamba, 1975

Zuwa ga Luka, a gidan Kawu Na'Allah, Ibeto.

Ubangidana mai karaya,

Muna lafiya, ina fata kun kai amfani gida lafiya. Na duba aikinka. Ba kanka ne ba ya ja ba, mantuwa ce, kuma na samo maka maganinta. Mutum yana manta lamba, amma ba ya manta danginsa. Daga yau duk tambayar da ta zo maka da x, kada ka amsa sai ka kira taron dangi, ka sa kowa ya zauna a kujerar x bi da bi.

Kawu Na'Allah shi ne sifiri. Duk abin da aka kai gabansa aka yi sau shi, komai girmansa, babu yake komawa. Kai ka san dalilin da ya sa na ba shi wannan kujera.

Inna Fure ita ce rabi. A duk gidan ita kaɗai ce in aka yi ta sau kanta sai ta ƙara ƙanƙancewa.

Kawu Irmiya shi ne lambar da ke ƙasa da sifiri, can cikin rijiya. Duk maganar da ya shiga sai ta kife, babba ya koma ƙarami, gabas ta koma yamma. Ba a samun alheri daga gare shi sai an haɗa shi da irinsa.

Kai ne ɗaya, don ko sau dubu aka yi ka sau kanka kana nan yadda kake da taurin kanka. Ni ce babbar lamba, wannan ba sai an faɗa ba.

To ka ji kowa. In mutum ɗaya ya saɓa wa sauran, bayanin bai isa ba, ka rubuta haka ka wuce ba tare da jin kunya ba. In bakinsu ya zo ɗaya, ka sake dubawa sau ɗaya, sannan ka amsa. Gwada da wannan: an ce a ta fi b, shin a sau c ta fi b sau c? Sa ni a kujerar c, za ka ji i. Sa Kawu Na'Allah, duka biyun sun zama babu, sun yi kunnen doki. Sa Kawu Irmiya, ka ga yadda zai kifar da ita.

Za ka ci jarrabawar nan, Luka. Ban taɓa shakka ba. Ka gaishe mini da kowa da kowa, ka ci naman Kirsimeti har da rabona.

Salome

Kontagora,
5 ga Janairu, 1976

Salome,

Ina fata kuna lafiya, kun shiga sabuwar shekara lafiya. Ni dai ga ni nan.

Ban yi Kirsimeti a gida ba. Kwana kaɗan da zuwana Ibeto aka aiko in dawo, wai wani babba zai zo daga Sakkwato duba rumbunan iri. Har na baro can wasiƙarki ba ta iso ba. Na dawo nan na yi ta sintiri gidan waya har ma'aikacin ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Na tambayi direban motar Ibeto ko an ba shi saƙo daga gida, ya ce babu.

Na gane. Ni na ce in kin ga ba zan iya ba ki faɗa mini, ke kuma kin ga aikina kin rasa ta inda za ki fara, sai kika zaɓi shiru. Shiru ma magana ce. Amma ya yi mini ciwo, Salome, fiye da in kin rubuto kin kira ni daƙiƙi. A duk dangi ke kaɗai ce nake iya nuna wa kuskurena ban goge ba.

Ina tunanin in rubuta wa ofis su ba na bayana wurin tun da sauran lokaci. Na gode da wahalar da kika yi.

Luka

Jos,
13 ga Janairu, 1976

Luka,

Lafiyarmu ƙalau, amma ban da kwanciyar rai. Kada ka kuskura ka rubuta wa ofis komai.

Ka ga halinka ko? An ba ka bayani ɗaya tak, cewa wasiƙa ba ta zo ba, ka zauna ka yanke hukunci har da godiyar ban kwana. Bayanin bai isa ba, ubangidana. Na rubuto maka tun tsakiyar Disamba, ga kwafinta nan na sake rubutawa daga ƙwaƙwalwa. Karanta ta tukuna, sannan ka ci gaba da wannan.

Ka karanta? To wannan wasiƙar ce ta isa Ibeto bayan ka tafi. Ni da na daɗe a birni na manta sam cewa a gidan nan ba a ajiye wa mutum wasiƙa. Duk takardar da ta shigo ta gida ce, Kawu Irmiya ke buɗe ta tun da shi ya koyo karatu a soja, ya tara mutane ya karanta da ƙarfi. Ranar Kirsimeti bayan an taso daga coci, gida cike da baƙi, ya sa tabarau ya ce ga gaisuwa daga 'yarmu ta Jos. Mamata Barakatu tana wurin. Ta ce yana karantawa yana mayarwa da harshenmu yana ƙara gishiri, har ya iso kan sunansa, ya karanta da bakinsa cewa yana cikin rijiya, sannan ya ankara.

Mama ta hau mota ta zo har Jos ta wanke ni tas, ta ce kada in sake rubuta wa kowa a gidan yayanta. Na yi shiru don na ɗauka kana can aka yi komai, kana fushi da ni. Yau na karya umarninta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganar Kawu Na'Allah. Bai yi faɗa ba. Ya ce kawai, "In karatun nan shi ke koya wa yaro cewa ubansa babu ne, Luka ya zauna gida." Ka san ba ya aika irin wannan magana ta bakin direba, jira yake ka zo. Baki shi ke yanka wuya, ga shi nawa ya yanka naka. Ina jin tsoro, ina kuma jin kunya. Ka tafi gida, don Allah.

Salome

Kontagora,
22 ga Janairu, 1976

Baiwata Salome,

Gaisuwa mai yawa. Ki sha ruwa ki zauna, labarin da tsawo. Da farko ki yafe mini wasiƙar da ta wuce.

Ranar da takardarki ta zo na hau babur. Na iske su da hantsi a gindin ɗorawar ƙofar gida, Baba yana gyaran ƙotar fartanya. Na gaishe shi ya amsa kamar baƙo. Baba Irmiya ko kallona bai yi ba, ya shiga ɗaki ya fito da wasiƙarki a ninke cikin littafin waƙoƙin coci, ya ce in bayyana wa jama'a rijiyar da aka jefa shi.

A hanya na shirya jawabi mai tsawo, amma Inna ta riga ni. Ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta ta ce a sake karanta mata nata wurin. Na karanta. Sai ta ce, "Ni dai yarinyar nan ba ta yi mini ƙarya ba. Ta kalle ni ne da kyau." Salome, ban san inda zan sa idona ba. Ina ganin ramarta shekara da shekaru, ban taɓa tambayar kaina ina take tafiya ba.

Sai Baba ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ni fa? Ni ne babu?"

Na ɗauki kara na ja dogon layi a ƙasa, na sa dutse a tsakiya. Na ce wannan dutsen shi ne sifiri, daga kansa ake fara ƙirga, na dama da na hagu duk da nisansu daga gare shi ake sanin matsayinsu, in aka ɗauke shi ba wanda ya san inda yake. Sannan na tuna masa rigimar iyakar gona da aka kawo masa bara, mutane har da gatari, suka tashi suna raba goro. Na ce abin da kike nufi ke nan, duk fitinar da aka kawo gabansa komai girmanta babu take komawa. Ya daɗe yana kallon dutsen. Ya tambaye ni ko da gaske sai an kira shi kafin a amsa kowace tambaya. Na ce da gaske, kuma duk faɗuwar da na yi a baya don na manta da shi ne da Inna.

"To Irmiya fa?" in ji shi.

Nan na ga gefen bakinsa yana motsi. Na ce gaskiya bayanin da ke hannuna bai isa in kare Baba Irmiya ba. Karo na farko ke nan a rayuwata da na faɗi haka a gaban mutane, kuma ƙasa ba ta tsage ba. Baba ya yi dariya har ƙotar ta faɗi. Baba Irmiya ya miƙe zai yi fushi, sai na ce masa a lissafi in aka yi na cikin rijiya sau na cikin rijiya, sama suke fitowa. Matarsa Rachel, wadda kin san ita ma ba a gama magana da ita, ta ce ai shi ya sa 'ya'yansu suka fi na kowa hankali. Yanzu haka yana bin mutane a kasuwa yana gaya musu cewa ko a Amurka ba a cin jarrabawa sai an tambaye shi.

Da zan tafi Baba ya raka ni har wurin babur. Ya ce in je, amma tun da an ce da su za a yi, kada in bar kowa a waje. Ya ce kuma in gaya miki ya ɗage hukuncin Gwaggo Barakatu, shi zai yi mata magana.

Na zauna da dabararki tun da na dawo. Tana aiki, har haushi take ba ni. Jibi zan kama hanyar Ikko.

Luka

Kontagora,
8 ga Fabrairu, 1976

Salome,

Na dawo lafiya, ƙafafuna ne kawai suka kumbura da zaman mota. Na tafi ina ɗan Jihar Arewa maso Yamma, na dawo na tarar wai mun zama Jihar Neja, takardunmu Minna za su koma. An ce maganar karatuna tana nan, sakamako kawai ake jira.

Ɗakin jarrabawar babba ne, mutane cike, kowa da fensir. Da aka ce a fara, na ji uku da biyar ɗina suna kirana. Sai na ce a raina, Baba bismilla, Inna ga kujera, Baba Irmiya a yi haƙuri a zauna. Sau da dama na zaɓi cewa bayanin bai isa ba, ko gezau ban yi ba. Ban gama duka ba, lokaci ya cinye mini na ƙarshe, don haka ba zan ce miki na ci ba. Ban sani ba, sai sakamako ya zo.

Tambaya ɗaya ce ta tsaya mini a rai. An ce y tana tsakanin sifiri da ɗaya, wanne ya fi girma, goma ko goma a raba da y? Hannuna ya tafi zai zaɓi goma, don ai rabawa ragewa ce. Sai na zaunar da Inna. Rabi nawa ne a cikin goma? Ashirin. Ashe ita in aka yi ta sau kanta raguwa take yi, amma wanda ya bi ta hannunta ninkuwa yake yi. Wannan ba ki faɗa mini ba, malama. Na zauna ina kallon takardar idona ya cika, har mai tsaron ɗakin ya zo ya tambaya ko lafiya.

Ki gaida Shadrach da yara.

Luka

Ibeto,
20 ga Afrilu, 1976

Zuwa ga 'yata Salome,

Ni ce Fure nake magana, kawunki Irmiya yake rubutawa. Na ce masa abin da na faɗa kawai zai sa, in ya ƙara gishiri Luka zai karanta mini in gane. Ina gaishe ki, ina gaida mijinki da jikokina. Mu nan lafiya. An yi ruwan fari, kawunki Na'Allah ya ce a dakata da shuka tukuna. Mamarki ta zo makon jiya, sun shirya da yayanta, har ta kwana biyu.

Takardar Luka ta zo daga Amurka. Ya kawo ta nan bai buɗe ba, ya ce tun da a gidan nan ba a ɓoye wasiƙa, a buɗe a gaban kowa. Irmiya ya buɗe, ya ga Turanci ne da lambobi, ya ce tabaraunsa ne ba su da kyau, ya miƙa wa mai ita. Ya ci, 'yata. Sun ce ya tafi can in kaka ta yi. Kawunki Na'Allah ya tashi ya kama babban bunsurun nan da yake ta ajiya.

Irmiya ya ce in gaya miki shi ya yafe, amma wai rijiyar ta yi zurfi, ki rage mata. Wannan maganarsa ce, na bar shi ya sa.

Ki ci gaba da rubuta wa ɗan'uwanki in ya tafi can, don ke yake jin maganarki. Ni ma ki riƙa rubuto mini, ko da wasa ne, a karanta a gaban kowa ba komai. Tun da aka kawo ni gidan nan ba wanda ya taɓa sa sunana a takarda sai ke.

Ina jin tafiyar nan a ƙirjina, ba zan ɓoye miki ba. Amma da zai koma Kontagora ya shigo ɗakina ya gaya mini wata tambaya da aka yi musu, wai in an raba goma da rabi ashirin ake samu. Ya zana a ƙasa, ya sake zanawa, ni dai ban gane yadda aka yi ba. Da ya miƙe zai fita sai da ya sunkuya don kada ƙofa ta buge masa kai. Na tuna ranar da na haife shi, ɗan mitsitsi, ungozoma tana cewa da wuya ya kwana. Na ce masa to, je ka, lissafin naku ba ƙarya ba ne.

Ni ce innarki,
Fure,
da hannun Irmiya